Tawul da Zanen Gado: Inda Haya Ta Ƙare, Otal Ya Fara

A cikin kayan gidan da ake ba matafiya haya na 'yan kwanaki, babu abin da ya kai tawul da zanen gado arha, kuma babu abin da ya kai su jawo magana a gaban hukuma. Firji da talabijin da na'urar sanyaya ɗaki sun fi su tsada nesa ba kusa ba, amma ba kasafai jami'in haraji ke tambayar labarinsu ba. Kayan shimfiɗa kuwa sun shiga kundin harajin Faransa, sun shiga bayanan hukumar haraji ta Sifaniya, sun shiga dokar da Italiya ta yi a 2017, sannan a Japan da su doka ta fassara kalmar "kwana" ita kanta. A wannan makon ina so mu bi sawun dalilin haka, domin a ƙarƙashin wannan ƙaramin ƙyalle akwai tambayoyin da suka shafi lafiyar baƙo, da aljihun mai gida, da gumin mai wanki, da kuma haƙƙin mutanen unguwa.

Tambayar da doka ke son amsawa

Tun da daɗewa dokokin ƙasashe suka raba sana'o'i biyu da suka yi kama da juna. Akwai mai ba da haya, wanda ke miƙa mabuɗi ya juya baya, sai ƙarshen wata ko ƙarshen shekara a sake ganinsa. Akwai kuma mai otal, wanda ke nan dare da rana yana yi wa baƙo hidima. Na farko dukiyarsa ce ke kawo masa kuɗi, na biyu kuwa aikinsa ne. Saboda haka harajinsu ya bambanta, lasisinsu ya bambanta, abin da za a tuhume su da shi idan wani abu ya faru ma ya bambanta.

Wannan rabo ya yi aiki har zuwa lokacin da intanet ta cakuɗa shi. A 2007 wasu samari biyu a San Francisco, Brian Chesky da Joe Gebbia, suka shimfiɗa katifun da ake hura wa iska a gidansu suka sauki baƙi don su samu kuɗin haya, daga nan aka haifi Airbnb a 2008. Cikin 'yan shekaru sai ga gidajen zama birjik a manyan birane suna karɓar sabon baƙo duk bayan kwana biyu ko uku. Ginin na haya ne, takardunsa na haya ne, amma abin da ke gudana a ciki aikin otal ne. Hukuma ta rasa aljihun da za ta saka shi.

Jami'in gwamnati ba shi da ma'aunin da zai auna karɓar baƙi ko sakin fuska. Abin da yake iya tantancewa shi ne abin da ido ke gani: wa ya kawo zanen gado, wa ya wanke shi, sau nawa aka sauya shi, kafin baƙo ya iso ne ko yana ciki. Ta haka tawul ya zama shaida.

Ƙasashe huɗu, iyakoki huɗu

Japan ce ta fi kowa fitowa fili. Dokar masaukai da ta kafa a 1948 ta ce sana'ar masauki ita ce karɓar kuɗi don mutum ya kwana, ta kuma fassara kwana da amfani da wuri tare da kayan shimfiɗa. Ke nan da zarar ka ba mutum katifa da bargo ka karɓi kuɗinsa a matsayin sana'a, ka shiga hurumin dokar, ko da ka canza wa kuɗin suna ka kira shi kuɗin shara ko na hayar bargo. Sai a watan Yuni na 2018 wata sabuwar doka ta fara aiki, wadda ta ba masu gidajen zama damar saukar baƙi bayan sun yi rajista, da sharaɗin kada su wuce kwana 180 a shekara, kuma kowane baƙo ya samu fili aƙalla murabba'in mita 3.3. A daidai lokacin ne aka sauke mafi yawan gidajen Japan daga shafin Airbnb saboda ba su da lambar rajista.

Faransa ta bi ta hanyar ƙirge. A ƙa'ida, hayar gida mai kayan ɗaki ba ta cikin harajin VAT. Amma dokar harajin ƙasar ta jera hidimomi huɗu: karin kumallo, share gidan a kai a kai, samar da kayan shimfiɗa da tawul, da tarbar baƙi. Wanda ya haɗa uku daga cikin huɗun nan ya zama kamar mai otal a idon doka, kuma harajin kashi 10 cikin 100 ya hau kan kuɗin kwanan, sai dai idan cinikinsa bai kai mizanin da ake yafe wa ƙananan 'yan kasuwa ba. A 2023 babbar kotun da ke duba lamurran gwamnati ta ƙasar ta ce wannan tsari bai dace sosai da dokar Tarayyar Turai ba, majalisa ta yi masa kwaskwarima a kasafin 2024, amma hidimomin huɗu suna nan daram. Abin sha'awa shi ne ba kowa ke gudun wannan matsayi ba. Wanda ya kashe kuɗi mai yawa wajen saye ko gyaran gida yakan nemi shiga da gangan, domin mai karɓar VAT yana da damar neman a mayar masa da wanda ya biya a kan kayan aikinsa. Ga irin wannan mutum, tawul tikiti ne.

Sifaniya ta ja nata layin a kan lokaci. Idan mai gida ya share ɗaki ya shimfiɗa sabon zane kafin baƙo ya shigo, ya sake yin haka bayan ya fita, hukumar haraji na ɗaukar wannan a matsayin haya zalla, babu VAT. Idan kuwa yana zuwa a kai a kai yana shara da sauya zane da tawul alhali baƙon na ciki, to ya shiga hidimar otal, harajin kashi 10 ya same shi. Zane ɗaya ne, injin wanki ɗaya ne, amma ranar da aka ɗaga shi daga gado ita ke yanke hukunci.

Italiya ta matsar da iyakar gaba kaɗan. Dokar 2017 ta ce hayar da ba ta wuce kwana 30 ba tana iya cin gajiyar harajin bai ɗaya na kashi 21 cikin 100, ko da mai gidan yana samar da kayan shimfiɗa yana kuma share gidan. Hukumar harajin ƙasar ta ƙara bayani a wannan shekarar cewa abin da ke fitar da mutum daga wannan rangwame shi ne ƙarin hidimomi kamar karin kumallo, abinci, hayar mota, ko ɗan rakiyar masu yawon buɗe ido. Wato a Italiya ƙoƙon shayin safe ne iyaka. A 2024 harajin ya tashi zuwa kashi 26 a kan gida na biyu da abin da ya biyo baya, daga farkon 2025 kuma ya zama dole kowane irin wannan gida ya samu lambar shaida ta ƙasa, ya ajiye tukunyar kashe gobara da na'urar gano yoyon gas. Ban da wannan, akwai tsohon wajibcin miƙa wa 'yan sanda bayanan kowane baƙo cikin awa 24.

Inda doka ke tilasta tsafta

Galibin waɗannan dokoki suna kallon tawul ne don su san nawa za su karɓa. Akwai wasu da ke kallonsa don su san ko baƙo zai kwana lafiya. A Fotugal, ƙa'idar ƙananan masaukai ta ce a share ɗaki a sauya tawul da kayan gado duk lokacin da baƙo ya canza, kuma aƙalla sau ɗaya a mako ga wanda ya daɗe. A yankin Andalusiya na kudancin Sifaniya, dokar 2016 ta wajabta wa mai gida ya tanadi kayan shimfiɗa daidai da yawan mutanen da gidan ke ɗauka, da ƙarin saiti guda na canji, tare da akwatin agajin gaggawa da takardun shigar da ƙorafi.

Dalilin ba ya buƙatar dogon bayani. Zanen gado da tawul su ne kayan da ke taɓa fatar baƙo kai tsaye bayan sun taɓa fatar wanda ya gabace shi. Ƙazuwa na iya bi ta kayan shimfiɗa, cututtukan fata irin su makero na iya bi ta tawul, kuɗin cizo kuwa yana ɓuya a ɗinkin katifa ya bi jakar matafiyi zuwa gidansa. Lokacin da labarin kuɗin cizo ya tayar da hankalin Paris a ƙarshen 2023, ana saura watanni a fara wasannin Olympics, shawarar da hukumomi suka yi ta nanatawa ita ce a wanke kaya da ruwa mai zafin digiri 60 zuwa sama. Wannan ma na cikin dalilan da suka sa masu otal suka fi son farin zane: yana jure ruwan zafi da bilic, kuma ba ya ɓoye datti. Zane mai fure da duhun launi yana da kyau a hoto, amma baƙon da ya san duniya ba ya sakin jiki da shi.

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka ko'ina ne ake shimfiɗa wa baƙo gado. A gidajen hutun bazara na Denmak, al'ada ce iyali su zo da zanensu da tawul ɗinsu, ko su biya kuɗin haya daban. Haka abin yake a yawancin gidajen hutun karkara na Faransa. Ba rowa ba ce, tsohon tsari ne na cewa gida aka ba ka, hidima kuwa taka ce. Rigima na tasowa ne idan baƙon da ya saba da otal ya iso da tsakar dare ya tarar da katifa tsirara. Shi ya sa Airbnb ya fitar da jerin abin da ya kira kayan buƙata na asali: takardar bayan gida, sabulu, tawul ɗaya da filo ɗaya ga kowane baƙo, da zane ga kowane gado. Wannan ƙa'idar kamfani ce, ba dokar ƙasa ba, kuma hukuncin wanda ya gaza yakan zo ne ta taurarin da baƙi ke bayarwa.

Lissafin mai gida da gumin mai wanki

Masu otal suna da tsohuwar ƙa'ida ta saiti uku: ɗaya a kan gado, ɗaya a wajen wanki, ɗaya a ninke cikin kabad. Mu ɗauki gida mai gado biyu da ke ɗaukar mutum huɗu. Zanen gado saiti shida ke nan. Idan kowane baƙo zai samu babban tawul da ƙarami, takwas ke nan a kowane zuwa, 24 idan aka ninka sau uku. Rigunan filo 12 idan kowa filo ɗaya ne. Ba a yi maganar tabarmar banɗaki da tsumman kicin ba. Kuma waɗannan kaya ba sa daɗewa, domin ruwan zafi da bilic na cin zare, jan baki da man gashi na barin tabon da ba ya fita, wani tawul ɗin kuma yakan bi baƙo gida.

Abin da ya tilasta saiti uku shi ne agogo. Galibi baƙo na fita da ƙarfe 10 ko 11 na safe, sabo na shigowa da ƙarfe 3 ko 4 na yamma. A cikin waɗannan 'yan awoyi za a kwashe shara, a wanke banɗaki, a goge kicin, a cire zane a shimfiɗa wani. Babu yadda za a yi tawul mai kauri ya wanku ya bushe a goge shi a wannan tsakani. Gidan da ke da saiti ɗaya kacal, ranar da baƙi suka biyo juna, ɗaya daga cikin biyu ne zai faru: ko a shimfiɗa ɗanye, ko a karkaɗe na jiya a mayar.

A nan ne nake ganin dokokin sun yi shiru a kan wanda ya fi kowa ɗaukar nauyin. Sun ƙirga tawul, sun ƙirga kwanaki, amma mai ɗauke da jakar wanki tana hawa bene ba ta cika fitowa a cikinsu ba. A otal, mai gyaran ɗaki ma'aikaciya ce da ke da albashi, wani lokaci har da ƙungiyar ƙwadago. A gidajen hayar 'yan kwanaki, sau da yawa ana biyanta ne a kan kowane gida da ta gama, ta hannun wani ɗan kwangila, kuma baƙon da ya biya "kuɗin tsafta" a waya bai san nawa ya isa hannunta ba. Idan aka samu gashi ɗaya a kan filo, tauraron mai gida ne ke raguwa, amma ita ce ke rasa aiki.

Namu gidajen

Wannan sana'a ta iso mana. A Legas da Abuja, har da Kano da Kaduna, gidajen hayar 'yan kwanaki sun yawaita, ana tallarsu a Instagram da WhatsApp, masu biki da ma'aikatan da aka turo aiki suna rububinsu. Na taɓa sauka a irinsu a Abuja tare da abokan aiki biyu, ta hannun wani dillali. Falon ya yi kyau kamar yadda aka nuna a hoto, amma tawul biyu muka tarar mu uku, ɗaya ma da sauran danshi. Da muka kira, aka ce ƙarin tawul da kuɗinsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu wata takarda a bango, babu lambar rajista, babu ofishin da muka san za mu kai kuka. Mun biya kuɗin da ya kai na otal, amma haƙƙinmu bai wuce na wanda aka yi wa alfarma ba.

Saukar baƙo don kuɗi ba sabon abu ba ne a wurin Bahaushe. Fatake sun san fatoma tun zamanin ayari. A unguwar Sabo ta Ibadan, kamar yadda masani Abner Cohen ya bayyana a binciken da ya wallafa a 1969, masu gida ne ke saukar 'yan kasuwar shanu da goro, su ba su wurin kwana da abinci, su tsaya musu a ciniki, su samu nasu ta hanyar la'ada. Abin da ke tsare baƙo a wancan tsari shi ne sunan mai gida. Idan ya ci amana, labari zai riga shi isa arewa, baƙi su koma gidan wani. Yau baƙo bai san mai gidan ba, mai gidan bai san baƙo ba, dillali ne a tsakani da lambar asusun banki. Abin da mutunci ke tsarewa a da, yanzu sai rubutacciyar ƙa'ida.

Wa ke da ikon rubuta ta? A 2013 Kotun Ƙolin Najeriya, a shari'ar da aka yi tsakanin gwamnatin tarayya da jihar Legas, ta yanke cewa ba da lasisi da sa ido kan otal-otal hurumin jihohi ne. Ke nan ƙwallon na hannun majalisun jihohi. Abin da nake tsoro shi ne su fara da inda gwamnatoci suka fi son farawa, wato haraji, su bar tsafta da tsaro sai wata rana.

Idan za a koyi darasi daga waje, a ganina a ɗauki na Fotugal kafin na Sifaniya. Tsarin da ke cewa sauya wa baƙo zane a tsakiyar zamansa zai canza maka matsayin haraji yana iya sa ƙaramin mai gida ya ja hannu daga abin da ya kamata ya yi. Gara a raba abubuwan biyu. Tsafta ta zama wajibi a kan kowa: sabon zane da tawul ga kowane sabon baƙo, canji duk mako, saitin ajiya, tukunyar kashe gobara, da lambar rajista a ƙofa da kan talla. Haraji kuma a ɗora shi a kan yawan kwanaki da yawan gidajen da mutum ke juyawa, waɗanda su ne ke nuna wane ne ɗan kasuwa da gaske.

Abin da tawul ba zai warware ba

Turai ma ta fara karkata can. A 2025 Tarayyar Turai ta amince da tsarin da zai sa shafukan intanet su riƙa karɓar VAT a kan hayar da ba ta wuce kwana 30 ba idan mai gidan bai karɓa ba, kuma zai fara aiki tsakanin 2028 da 2030. Manyan birane kuwa sun daɗe da gane cewa babbar matsalarsu ta fi ƙarfin zane. Duk gidan da ya koma na baƙi, gida ne da ya fita daga hannun mazauna. Paris ta ƙayyade wa mutum kwana 120 a shekara idan gidan zamansa yake bayarwa, ta rage zuwa 90 daga 2025. New York, tun daga Satumba 2023, ba ta yarda da hayar ƙasa da kwana 30 sai mai gida ya yi rajista, yana cikin gidan, kuma baƙi ba su wuce biyu ba. Magajin garin Barcelona, Jaume Collboni, ya sanar a 2024 cewa lasisin gidaje kusan 10,000 ba za a sabunta su ba idan wa'adinsu ya cika a ƙarshen 2028. Duk wanda ya nemi gidan haya a Abuja kwanan nan ya san wannan zance ba zai daɗe yana zama na Turawa kaɗai ba.

Kafin jihohinmu su farka, matafiyi ne zai tsare kansa. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma raɓar da ta biya kuɗi tana da damar tambaya. Kafin ka tura ko sisi, nemi a rubuta maka: akwai zane da tawul, nawa ne, suna cikin kuɗin ko daban ne, yaushe ake sauya su, wa za a kira idan an tarar da akasin haka. Da isarka, ɗaga zanen ka duba ɗinkin katifa. Mai gidan da ya amsa waɗannan tambayoyi ba tare da jin haushi ba, galibi sauran lamurransa ma a tsare suke. Idan kuma ka tarar da ɗaki fes, ka tuna wani ne ya yi guminsa tsakanin hantsi da la'asar, kuma ɗan abin da ka bar masa a kan tebur ya fi tabbacin isa hannunsa fiye da kuɗin tsaftar da ka biya ta waya.